Gudun Mota Aro Ne: Abin da Hanyar Birnin Gwari Ke Koya wa Masu Son Mota

A gaban direban kowace mota akwai agogon da ke nuna gudu, kuma lambar ƙarshe da ke jikinsa ita ce ke fara jan idon saurayi in ya leƙa ta taga. A wasu motocin 180 ce, a wasu 260, a waɗanda ake kira motocin tsere kuwa har 300 da ɗoriya. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, ta Mando da Buruku da Udawa. In da lissafin takarda ake bi, motar da ke cin kilomita 240 a awa ɗaya za ta gama wannan tafiya cikin rabin awa. Amma duk wanda ya san hanyar ya san an yi shekaru ana kwashe awa uku ko fiye a kanta, an yi lokacin da ba a shigarta sai an taru an yi ayari da rakiyar sojoji ko 'yan sa-kai, an kuma yi kwanakin da ko da rakiyar ba mai yarda ya bi. Tsakanin lambar da ke jikin agogo da abin da hanya ta yarda da shi akwai tazara mai faɗi. A cikin wannan tazara ya kamata mu nemi amsar tambayar da ke ƙara tasowa a Arewa, yanzu da samari masu hali ke sayen motoci masu ƙarfi: me irin wannan mota take nema daga mai ita, kuma wane haƙƙi jama'a ke bin sa?

Kafin a yi nisa, ya kamata a yi wa masu wannan sha'awa adalci. Son abin hawa mai gudu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Al'ummar da ta naɗa Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki, wadda ke fitowa ƙwanta da kwarkwata ranar hawan salla don ganin sukuwa da jafi, ba za ta ce ba ta fahimci abin da ke motsa zuciyar yaron da ya ji rurin inji mai silinda takwas ba. Sarakunan Katsina, tun daga Muhammadu Dikko zuwa ɗansa Usman Nagogo, sun shahara da dawaki da wasan folo, kuma dandalin Murtala da ke Kaduna asalinsa filin sukuwa ne. Har ma'aunin da ake auna ƙarfin inji da shi sunansa ƙarfin doki. Motar da ake magana a kanta, irin su Mercedes C63 ko BMW M3 ko Dodge Charger da ake gani a titunan Abuja da Kaduna da Kano, tana ɗauke da ƙarfin doki 400 ko fiye, tana kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Abin al'ajabi ce ta fuskar fasaha, kuma wanda ya so ta don kyawun ƙirarta da ingancin aikinta bai yi laifi ba. Inda matsalar take shi ne mun gaji son doki, amma mun bar wasu daga cikin ƙa'idojin da suka zo tare da shi.

Mai doki na gaskiya ya san abu biyu. Na farko, doki kiwo ne kafin ya zama hawa: harawa da dusa da kanwa, wanka da sharar barga, duba kofato safe da yamma, duk waɗannan sun fi awannin da ake yi a kan sirdi yawa nesa ba kusa ba. Na biyu, sukuwa tana da fili da lokaci, ba a sakin linzami a tsakiyar kasuwa. Waɗannan ƙa'idoji biyu sun hau kan mota daidai wa daida, har ma da ƙari, domin doki a ƙasarmu aka haife shi, ya san ƙasar, ya san ciyawarta. Motar tsere kuwa an ƙera ta ne da zaton wasu abubuwa huɗu suna nan: kwalta mai santsi, mai mai tsabta, bakanike mai ilimi da kayan aiki, da kuma zaman lafiya. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da dillali ke haɗawa da makulli ranar ciniki. Dukkansu na jama'a ne, ko dai gwamnati ta samar da su ko kuma al'umma ta gina su a hankali. Ra'ayina ke nan: gudun mota aro ne. Mai mota ya biya kuɗin ƙarfe da inji, amma gudun da yake taƙama da shi a hannun jama'a ya ara, kuma babu inda wannan gaskiya ta fito fili kamar ƙasar Birnin Gwari.

A fara da hanya. Don mota ta riƙe ƙasa a kan babban gudu, sai a ƙera ta ta kwanta, tsakanin cikinta da kwalta bai fi santimita 10 zuwa 13 ba. A sa mata taya mai faɗi amma marar kauri a gefe, a kuma ƙarfafa sifirin da shokozoba don kada ta yi tangal-tangal a kwana. Duk wannan hikima ce a manyan titunan Jamus, inda wasu sassan ba su da iyakar gudu. A hanyar da ta ratsa Birnin Gwari ta nufi Tegina da Mokwa da Jebba har Legas, wadda ta daɗe tana ɗaukar tireloli da tankokin mai da manyan motocin hatsi da na shanu, ruwan damina kuma yana shiga kowace tsaga yana faɗaɗa ta, wannan hikima ita ce ke zama rauni. Rami ɗaya ya isa ya fasa tayar, ya lanƙwasa wili, ko ya huda kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Lissafin gudu kuma ba ya sassauci. Motar da ke kan 160 tana cin mita 44 a kowace daƙiƙa, wato kafin direba ya ga rami, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, ƙafarsa ta bar totur ta koma birki, ya riga ya wuce wannan tsawon. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu. Birki mai tsada yana rage wani abu daga nisan, amma ba ya soke wannan doka, kuma a kan kwaltar da yashi ya rufe ko wadda ta farfashe, tsadarsa ba ta da amfani sosai.

Tarihin motoci a Arewa ya riga ya ba da amsar wace mota ce mai ƙarfi a irin wannan ƙasa. Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma daga 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna. Injinta mai kafireta bai kai ƙarfin doki 100 ba, abin da saurayin yau zai raina. Amma wannan mota ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, wata ƙirarta mai silinda shida ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas, ta kuma yi nasara a gasar Bandama ta Kwaddebuwa da ta Maroko. Gasar Safari dubban kilomitoci ce ta laka da ƙura da duwatsu, kuma motocin da suka fi ta ƙarfin inji sun sha karyewa a hanya. Sirrin Fijo shi ne ƙafafunta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, suna haɗiye rami maimakon su yi karo da shi, jikinta na da ƙwari, injinta kuma bakaniken ƙauye zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Shi ya sa ta zama motar gwamna da ta ɗan kasuwa da ta direban tasha a lokaci guda, ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Kaduna da Legas ta Birnin Gwari. Darasinta shi ne ƙarfin mota dangantaka ce tsakaninta da ƙasar da take takawa. A yau ma motocin da ke riƙe da wannan hanya su ne Golf da Sharon na 'yan tasha da Hilux ta masu hali da jami'an tsaro, kowacce saboda juriya da sauƙin gyara.

Abu na biyu shi ne mai. Injin motar tsere yana matse iska da fetur sosai kafin fulogi ya kunna su, musamman in yana da turbo, kuma wannan matsi yana buƙatar fetur mai jure zafi, wanda ma'auninsa na oktan ya kai 95 ko 98. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na Najeriya iri ɗaya ne ga kowa, kuma ma'auninsa bai kai haka ba. Idan oktan ya yi ƙasa, man yakan kama da kansa kafin lokaci, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Kwamfutar motar zamani takan ji haka ta rage ƙarfi don ta ceci injin, ma'ana mai motar ya biya kuɗin dawaki 450 amma wasunsu suna ɗaure a barga. Wannan ma in man tsabtatacce ne ke nan. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukumomi suka amsa cewa haka ne, motoci da dama suka lalace. A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai kuwa, man 'yan bumburutu ne a jarka da kwalba, wanda ba a rasa ruwa ko datti a cikinsa. Ga kuma tsada. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, inji mai silinda takwas kuma ba ya jin kunyar shan lita 15 zuwa 20 a kilomita 100. Duk wannan yana faruwa ne a jihar da aka buɗe matatar mai tun 1980, wadda ta shafe shekaru ba ta tace komai.

Na uku shi ne hannun da zai taɓa motar. Kanikawan Arewa mutane ne masu basira, duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga yadda ake tayar da mushen mota zai sara musu. Sai dai iliminsu na kunne ne da hannu, an gina shi a kan Fijo da Marsandi ta da da Toyota. Motar tsere ta yau kwamfutoci ne masu yawa da ke magana da juna, tana son na'urar bincike da littafin kamfani da ma'aunin ɗaure kowane noti. Yawancin waɗanda ke shigowa kuma 'yan Kwatano ne, sun riga sun sha wuya a Amurka ko Turai, wasu ma haɗari suka yi aka gyara fuska aka turo. Kayan gyaransu da dala ake saye, dalar da ta tashi daga kimanin naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Nan ne ake rarrabe mai son mota da mai son a gan shi. Mai son mota yana canza baƙin mai kafin lokacin da littafi ya faɗa, saboda ya san zafinmu da ƙurar hunturu ba su cikin lissafin Bajamushe. Yana duba matacin iska a kai a kai, ba ya zuba ruwan rijiya a lagireto, yana canza man birki duk bayan shekara biyu domin yana tsotsar laima ya tafasa in birki ya yi zafi. Ya san lambobi huɗun da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya san harafin V na nufin kilomita 240, W 270, Y kuma 300, don haka ba ya sa tsohuwar tayar gwanjo a ƙarƙashin inji mai ƙarfi. Wanda ya iya sayen mota amma bai iya ɗaukar wannan nauyi ba, kamar wanda ya sayi ingarma ne ba shi da harawa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran girma, shi ne zaman lafiya. Ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta haura murabba'in kilomita 6,000, tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da na Kuyambana ya zama daji ɗaya mai faɗin gaske. Ƙasa ce ta masara da shanu da zinariya, wadda a da ake zuwa kallon giwaye a cikinta. Satar shanu ta rikiɗe ta zama fashi, fashi ya zama garkuwa da mutane, 'yan ƙungiyar Ansaru kuma suka sami mafaka a gabashin masarautar. A watan Maris na 2018 an kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A farkon Mayun shekarar aka kashe mutum 45 ko fiye a Gwaska, a cikin watan kuma aka kwashe matafiya gommai a kan hanya cikin 'yan kwanaki. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, ya sha kokawa a bainar jama'a, gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliyar soja a yankin, amma abin bai tsaya ba. A Maris na 2024 aka sace 'yan makaranta a Kuriga, a gefen wannan hanya, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A waɗannan shekaru mota mai sheƙi ta zama talla ga masu neman kuɗin fansa, har masu kuɗi suka koyi ajiye manyan motocinsu su shiga ta haya da tsohuwar riga.

Akwai masu cewa ai wannan ma hujja ce ta mallakar mota mai gudu, domin a hanyar da ake tare mutane, wanda ya fi gudu shi ke tsira. Maganar tana da daɗin ji, kuma tsoro ya sa direbobi da yawa sun yi aiki da ita. Amma ba ta tsayuwa in aka dubi yadda ake tare hanya. 'Yan bindiga ba tsere suke yi da mota ba. Wurin da kwalta ta mutu suke zaɓa, ko kwana, ko ƙaramar gada, inda dole kowa ya taka birki, su gindaya itace ko su buɗe wuta. A irin wannan wuri motar da ta kwanta ƙasa ita ce ta fi kowa rauni, ba za ta iya sauka gefen hanya ba, ba za ta iya juyawa a cikin kwazazzabo ba, taya ɗaya ta fashe tafiya ta ƙare. Gudun tsoro kuma ya kashe mutanen da ba harsashin da ya taɓa su. Abin hawan da ya mallaki dajin nan shi ne babur mai ƙaramin inji, wanda bai kai ƙarfin doki 15 ba, yana ɗaukar mutum uku da bindigoginsu ya bi sawun shanu inda motar soja ba ta shiga. Gwamnatin Kaduna ta san haka, shi ya sa a ƙarshen Satumban 2021 ta hana hawan babur na wata uku, ta hana sayar da mai a jarka a Birnin Gwari da maƙwabtanta, aka kuma katse layukan waya. Babur ya yi galaba a kan kowace mota mai tsada saboda ya dace da ƙasar, wato darasin Fijo ne ya dawo da mummunar fuska.

Ko manyan masu tseren duniya, da jiragensu masu saukar ungulu da likitocinsu da miliyoyin dalolinsu, sun rusuna wa wannan gaskiya. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ta yi shekaru tana ratsa Agadez da hamadar Tenere, mutanen Nijar suna cin kasuwa da ita. A shekarar 2000, saboda barazanar hari, sai da aka loda motocin gasar a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya aka tsallake arewacin Nijar. A 2008 aka soke gasar gaba ɗaya bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya rage mata. Motocin ba su rage ƙarfi ba, direbobin ba su rage gwaninta ba, abin da aka ara ne masu shi suka daina iya bayarwa. In gasar da ta fi kowace suna a hamada ta kasa tsere wa rashin tsaro, saurayi ɗaya da motarsa ba zai tsere masa tsakanin Buruku da Udawa ba.

Yanzu kiɗa ya ɗan canza. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, ya buɗe kasuwar shanu ta Kara da ta yi kimanin shekara goma a rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma sun koma gonakin da suka bari. Ana muhawara kan sulhun, wasu na ganin an saka wa masu laifi, wasu na cewa rai ya fi komai, kuma sulhu irin wannan abu ne mai son lallaɓawa. Abin da ya shafi zancenmu shi ne haɗarin da ke biyo bayan sauƙi. Duk hanyar da aka gyara a ƙasar nan, ƙafar direbobi kan yi nauyi a kanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ƙirga mutum sama da 5,000 da ke mutuwa a hanya kowace shekara, waɗanda aka rubuta ke nan, kuma gudun wuce kima shi ne sanadin da take sawa a gaba. Iyakar da doka ta yanka wa motar gida ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen tituna. Zai zama abin takaici ƙwarai a ce mutanen Udawa da Kuriga da suka tsira daga bindiga su fara binne 'ya'yansu saboda wani ya zo gwada sabuwar motarsa.

Nan ne ake jin amsar da aka saba: kuɗina ne, motata ce, raina ne. Biyun farko gaskiya ne, na ukun kuwa rabin gaskiya ne. Hanyar Birnin Gwari ba ta da shinge. Tana ratsa kasuwannin ƙauye, 'yan talla suna gudu a gefenta, Bafulatani yana tsallakar da garke, mai babur ya ɗauko matarsa da 'ya'ya da buhun masara, tirela ta lalace an sa ganye a madadin alama. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka nemi yardarsa kafin a taka totur. Mai motar yana da bel da jakar iska da jikin ƙarfe da aka ƙera don ya kare shi, su kuwa ba su da komai, don haka cacar da yake yi da ran wasu yake yin ta. Haka abin yake a wasan mota da ake yi a bukukuwan aure a birane, inda ake juya mota tana hayaƙi a tsakiyar 'yan kallo. Addininmu da al'adarmu sun haɗu a kan cewa hanya tana da haƙƙi, kuma cutar da wani ba ta halatta don nishaɗi. Ko shari'a ta kira kisan kuskure, uwar da aka bari da gawa ba ta ga kuskure a gudun 180 a bakin kasuwa ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a hana abin baki ɗaya, domin almubazzaranci ne a zuba miliyoyi a mota a ƙasar da mutane suka sayar da gona don biyan fansa. Wannan suka tana da nauyi, kuma duk mai irin wannan mota ya kamata ya ji ta a ransa, ya tambayi kansa ko zakkarsa da haƙƙin danginsa sun fita kafin kuɗin taya. Amma hani kaɗai bai taɓa kashe sha'awa ba, dare kawai yake kora ta, inda ba fitila ba likita. Kakanninmu ba su hana sukuwa ba, fili suka yi mata, suka sa mata shugabanni da ƙa'ida. Turawa ma haka suka yi: a Jamus akwai filin Nürburgring da aka buɗe a 1927, zagayensa ya kusa kilomita 21, kowa zai iya biyan kuɗi ya shiga da motarsa ya gwada ta inda babu yaro babu akuya. Muna da filayen folo da na sukuwa a Kano da Kaduna da Katsina da Zariya, masu son mota kuwa ba su da makamancinsu. Muna ma da tushe, domin bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana haɗawa da jerin gwanon motoci, wanda aka farfaɗo da shi a 2020. Masu kuɗin sayen waɗannan motoci suna da kuɗin haɗa hannu su shimfiɗa fili mai shinge da motar asibiti, su kafa ƙungiya mai hukunta ɗanta in ya yi wasa a titi, su ɗauki nauyin tura yaran gareji su koyi gyaran motar zamani. Wannan ilimi ba zai tsaya a kan motocinsu ba, zai kai ga motar haya da ta asibiti.

Saboda haka shawarata ga mai wannan sha'awa ita ce ya riƙe ta, amma ya biya bashin da ke kanta. Ya zaɓi motar da ta dace da inda zai bi, ya yi mata kiwo irin na mai doki, ya koyi tuƙi na gaskiya, wanda rabinsa sanin lokacin ɗaga ƙafa ne, ya kai gudunsa fili. Sannan ya tuna cewa babu wanda ya fi shi sanin darajar kwalta mai kyau da mai mai tsabta da hanyar da ba a tarewa, kuma galibi shi ne ke da kunnen manya, ɗan gidansu ne ko abokin cin abincinsu. Muryar da yake da ita ta fi ta direban Golf da ke lodi a tashar Mando kaiwa nesa. In ya yi amfani da ita wajen neman a gyara hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa, a kuma tsare sulhun da aka samu da adalci da makarantu da asibitoci, to sha'awarsa ta haifi alheri. Ranar da mai naƙuda za ta tashi daga Dogon Dawa da tsakar dare ta isa asibiti lafiya, motar shanu ta bar Kara bayan magariba ba tare da rakiya ba, direban haya ya je Kaduna ya dawo sau biyu kafin la'asar, a ranar ce motarsa za ta sami ƙasar da aka ƙera ta dominta. Kafin nan, lambar ƙarshe da ke jikin agogonsa tana hannun mutanen Birnin Gwari, kuma su ya kamata su fara cin moriyar hanyar kafin shi.